Daga Kyamarar HD Zuwa Faifan DVD: Abin da Ke Wucewa da Abin da Ke Zubewa a Hanya

Kyamarar bidiyo mai ɗaukar hoto tar-tar, wadda masu sana'a ke kira HD, da rakodar DVD ta gida ba zamani ɗaya ya haife su ba. Faifan DVD ya shiga kasuwa a Japan a ƙarshen 1996, kuma an yanka masa ƙa'idojinsa ne daidai da talabijin na lokacin, mai ƙatuwar ƙeya. Rakodar da ke buga faifan a gida ta biyo baya a 1999 daga kamfanin Pioneer. Kyamarorin HD da ƙaramin mai sana'a zai iya saya kuwa sai a 2003 aka kafa musu tsarinsu na farko, HDV, sannan a 2006 kamfanonin Sony da Panasonic suka fito da na biyu, AVCHD. An gama ɗinka riga tun kafin a haifi mai sa ta, shi kuma ya zo ya fi ta girma. Kusan duk matsalar da ake haɗuwa da ita wajen juye hoton kyamara a faifai daga nan take tasowa.

A garuruwan tsakiyar Jihar Katsina, kamar Kankiya da ke kan titin Kano zuwa Katsina, da Kusada da garuruwan da ke ƙarƙashinta irin su Boko, mai ɗaukar bidiyo ya daɗe da shiga lissafin hidimar biki, tare da mai kujeru da mai lasifika. Shi ake kira ranar kamu da wuni da kai amarya, shi ake kira saukar Alƙur'ani da naɗin sarauta da taron siyasa, a watan azumi kuma akwai masu ɗaukar tafsiri. Aikinsa ba ya ƙarewa sai ya miƙa wa mai hidima abin da zai riƙe a hannu, ya sa a na'ura a falo, ya aika wa dangin da ba su samu zuwa ba. Shekara da shekaru wannan abin faifai ne a cikin kwali mai hoton ango da amarya. Kyamarar da ke kafaɗar mai sana'a ta canza, na'urar kallon da ke gidajen mutane kuwa tana nan inda take, saboda haka dole aka riƙa sauko da sabon hoto zuwa tsohon faifai.

Ba wannan ne karon farko da sana'ar ta yi fama da asarar hoto a wajen kwafa ba. Da kaset ɗin VHS aka fara, da manyan kyamarorin kafaɗa na Panasonic irin su M3000 da M9000. A kan irin wannan kaset ne fim ɗin Hausa na bidiyo ya tashi a Kano, inda ake ƙirga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a 1990, a matsayin mabuɗi. Kwafar lokacin daga kaset ce zuwa kaset, kuma kowace kwafa sai ta ci wani abu: launi ya koɗe, fuska ta yi hazo, murya ta dushe. Kaset ɗin da ya taso daga kasuwar Ƙofar Wambai, ya bi hannun masu sake kwafa, yana iya isa ƙauye a matsayin jikan jikan na asali. Masanin nan Brian Larkin ya yi dogon bayani a kan wannan dusasshen hoto na Kano a littafinsa Signal and Noise na 2008. Da faifan VCD ya zo, daga baya DVD, sai mutane suka koyi wani sabon darasi, cewa faifai ba ya gajiya da kwafa, na ɗari daidai yake da na farko. Darasin gaskiya ne idan faifai ake kwafa zuwa faifai irinsa. Juye hoton HD a DVD kuwa ba kwafa ba ce, sake saƙa hoton ne da zare kaɗan.

Hoton bidiyo ɗigo-ɗigo ne a jere, kamar ɗinkin hula: gwargwadon ƙanƙanta da yawan ɗinkin, gwargwadon fitar zanen. Cikakken hoton HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimla 2,073,600. Faifan DVD na tsarin PAL, wanda Najeriya ke bi, ba ya wuce 720 a kwance da 576 a tsaye, wato 414,720. In aka raba na farko da na biyu, biyar cif ake samu. Ma'ana, a cikin kowane ɗigo biyar da kyamara ta ɗauko, gurbin ɗaya kaɗai ke akwai a faifan. VCD ya fi haka ƙunci, don 352 ne da 288, ƙasa da kashi ɗaya cikin ashirin na HD. Ba ƙwarewar mai aiki, ba tsadar rakoda, ba ingancin kebul da zai ɗaga wannan rufin. Abin da ke zubewa shi ne ƙananan abubuwa: aikin wuyan babbar riga, zanen lallen amarya, rubutun allon mai sauka, fuskokin da ke sahun baya a wajen ɗaurin aure. Fuskar da aka matso kusa da ita kuwa tana fita lafiya lau, shi ya sa gogaggen mai ɗauka da ya san a faifai aikinsa zai ƙare yake yawaita matsowa.

Rufi na biyu shi ne na cikin faifan. Faifai mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai shimfiɗa biyu 8.5, kuma ƙa'idar DVD ba ta yarda hoto ya wuce megabit 9.8 a daƙiƙa ba. Ga shi kuma da tsarin matsewa na MPEG-2 ake buga shi, alhali AVCHD da H.264 yake aiki, wanda ya fi iya cusa hoto mai kyau a ƙaramin wuri. Daga nan ne haruffan da ke jikin rakoda suka samo ma'anarsu. A yawancin rakodoji XP na ba da kusan awa ɗaya a faifai, SP awa biyu, LP awa huɗu, EP awa shida ko takwas. Lissafin mai sauƙi ne: faifan ba ya ƙara girma, sai dai a rage wa kowace daƙiƙa rabonta. A awa biyu rabon daƙiƙa ya ɗan haura megabit 5, a awa huɗu ya koma rabin haka, kuma rakodoji da yawa a LP da EP suna ƙara rage yawan ɗigon ma. Hoton da ke tsaye wuri ɗaya, kamar malami zaune yana tafsiri, yana jure wannan ragi. Filin rawa, da ƙurar dawaki ranar hawan salla, da atamfa mai ƙananan zane, su ne ke fara tona asiri: hoton ya farfashe ya zama murabba'i-murabba'i. Cusa bikin kwana uku a faifai ɗaya don tsimin faifai biyu ciniki ne marar riba, domin faifai shi ne mafi arha a duk kayan aikin.

Kafin a zo kan hanyoyin da ke aiki, akwai wadda kowa ke fara gwadawa kuma ba ta ɓullewa. Kyamarar HD tana da kafar HDMI, rakodar ma sau da yawa tana da ita a baya, sai mutum ya ɗauka kebul ɗaya ya raba gardama. Duka biyun kafofin fita ne. Ta rakodar aikinta ta kai hoto talabijin, ba ta karɓar komai. Ba mantuwa masu ƙerawa suka yi ba: rakodar ba ta da kayan cikin da za su karɓi hoton HD su rage shi, kuma kamfanonin fim ba su taɓa son na'urar gida ta riƙa naɗar abin da ke bin HDMI ba, shi ya sa ma aka ɗora wa kafar kariyar hana kwafa ta HDCP. Lambar 1080 da ake bugawa a goshin wasu rakodoji da na'urorin kallo ita ma tana ruɗar mai saye. Abin da take nufi shi ne na'urar za ta miƙe ƙaramin hoton faifai ya cika babban allo. Miƙewa ba ta dawo da ɗigon da aka riga aka zubar.

Hanyar da ta fi tsabta tsakanin kyamara da rakoda kai tsaye ita ce kafar DV, wadda Apple ke kira FireWire, Sony ke kira i.LINK, sunanta na ƙa'ida kuma IEEE 1394. 'Yar ƙaramar kafa ce, galibi a gaban rakodar ƙarƙashin murfi. An yi ta ne don kyamarorin MiniDV da suka fito daga 1995, masu hoto daidai da girman na DVD. Kyamarar HDV, irin Sony FX1 ta 2004 da Z1 da ta biyo ta, tana ɗauka a kan ƙaramin kaset ɗin MiniDV, tana kuma da wannan kafar, amma abin da take turowa ta ciki wani yare ne da rakodar ba ta ji. In aka haɗa su haka nan, allo baƙi kawai ake gani, har mutum ya zargi kebul. Maganin yana cikin jerin saitin kyamarar: a na Sony akwai wurin da aka rubuta i.LINK CONV, inda ake umartar ta ta mayar da HDV zuwa DV kafin ta fitar. Da an kunna shi, kyamarar ce da kanta ke rage hoton, rakodar kuma ta karɓe shi tamkar daga tsohuwar kyamara ya fito. Hoto da sauti suna tafiya a kebul ɗaya, a matsayin lambobi, ba abin da ke yoyo a hanya. Ana so a kashe na'urorin biyu kafin a soka kebul ɗin, domin kafar ba ta da wuyar ƙonewa, in ta ƙone kuma gyaranta sai an canza allon ciki.

Kyamarorin AVCHD, masu ɗauka a memori ko a hadis (hard disk) ɗin ciki, ba su da wannan kafar. Cikinsu har da na kafaɗa irin Panasonic MDH1 da MDH2, waɗanda girmansu ke sa jama'ar biki su buɗe wa mai ɗauka hanya. Gare su hanyar da ta rage ita ce ta kebul mai kai uku, rawaya da fari da ja. Rawaya hoto, sauran biyun sauti. Ana soka su a kafofin shiga na rakodar, a zaɓi layin da aka soka, L1 ko L2 ko AV gwargwadon ƙirar, a danna naɗa a rakoda, a danna kunnawa a kyamara. Wannan ita ce hanyar da ta fi yaɗuwa, kuma ita ce ta fi cin hoto. Kyamara za ta rage shi, ta mayar da shi sigina irin ta tsohon talabijin, ta cakuɗa haske da launi a waya ɗaya, sannan rakoda ta sake raba su, ta mayar lambobi, ta matse. A wannan cakuɗawar ce jan launi ke malala ya wuce iyakarsa, shadda mai ratsi-ratsi ta riƙa walƙiya da launukan da ba nata ba. Inda kyamara da rakoda duk suke da kafar S-Video, mai zagaye da ƙananan allurai huɗu, ita ta fi, don tana raba haske da launi kowa da wayarsa. Sai dai ba ta ɗaukar sauti, dole a bar fari da ja a wurinsu.

Abu biyu ke yawan ɓata aiki a wannan hanya. Na farko rubuce-rubucen allon kyamara ne, alamar batir da ƙidayar lokaci da kwanan wata. In ba a kashe fitarsu ba, rakoda za ta naɗe su a jikin hoton, kuma ba sa goguwa. Na biyu lokaci: juyewar tana tafiya ne da gudun kallo, bikin awa uku sai an zauna awa uku, kyamara kuma tana jone da wuta ba a kan batir ba.

Akwai rakodojin ƙarshe-ƙarshe, musamman wasu na Panasonic masu hadis a ciki, da ke karɓar memorin AVCHD ko kebul ɗin USB, su kwashe hoton zuwa hadis, su rage shi da kansu, sannan su buga. Ba su da yawa. A galibin rakodoji kafar USB hotuna marasa motsi da waƙoƙi kawai take karantawa. Sony ma ya yi wata 'yar na'ura mai suna DVDirect da ke buga faifai daga kyamara ba tare da kwamfuta ba. A nan ne wani tarko yake. Irin waɗannan na'urori, da manhajojin da ke zuwa da kyamara, suna iya zuba hoton AVCHD yadda yake a kan faifan DVD ba tare da an rage shi ba. Faifan zai ɗauki kimanin rabin awa na cikakken HD, a ido kuma ba shi da bambanci da kowane faifai. Amma na'urar DVD ta gida ba ta karanta shi. Sai ta Blu-ray, ko PlayStation 3, ko kwamfuta. Masu ƙera kyamarorin da kansu suna gargaɗin cewa wata na'urar in ta haɗiye shi ba ta fito da shi. Blu-ray, wanda ya fito a 2006 da gigabait 25, shi ne magajin da aka shirya wa HD, sai dai bai taɓa zama ɗan gida a Arewa ba. Faifansa da na'urarsa sun yi tsada, kafin su sauko kuma filashi da wayar hannu sun riga sun cinye kasuwar.

Hanyar da ta fi duka ba ta bi ta rakoda ma. Ana kwashe hoton zuwa kwamfuta, a tace shi yana HD, a yanke, a sa sunaye da kiɗa, sai a mataki na ƙarshe a rage shi sau ɗaya tak zuwa girman DVD. Manhajoji irin su Adobe Premiere da Pinnacle Studio da Nero sun daɗe a shagunan masu tacewa, akwai kuma DVDStyler ta kyauta. Fifikon kwamfuta a kan rakoda shi ne haƙuri. Rakoda tana matse hoto ne yana wucewa, ba ta san abin da ke tafe ba. Kwamfuta tana iya bin fim ɗin sau biyu, ta fara duba inda motsi ya yi yawa, sannan ta rage wa jawabin waliyyi ta ƙara wa filin rawa. Abin lura a nan shi ne jerin layuka. Talabijin na PAL yana nuna hoto 25 a daƙiƙa, kowanne a rabe biyu, layukan mara da na cika, rabi 50 ke nan. HD na 1080i yana farawa da rabin sama, DV kuma da na ƙasa. In aka juya wannan jeri wajen fitarwa, a kwamfuta ba za a ga komai ba, amma a talabijin duk mai motsi sai ya riƙa karkarwa. Don haka ba a yanke hukunci a kan faifai sai an gwada shi a na'urar kallo da talabijin irin na mai hidima. Kuma zuba fayilolin bidiyo a faifai kamar yadda ake zuba takardu bai mai da shi faifan DVD na kallo ba. Sai an gina shi da babban fayil mai suna VIDEO_TS, in ba haka ba wata na'urar ta karanta, wata ta ƙi.

Ko ta wace hanya aka bi, akwai batun faɗin allo. HD mai faɗi ne, 16 da 9. Tsohon talabijin 4 da 3 ne. DVD na iya ɗaukar kowanne, amma a cikin ɗigo 720 da 576 ɗin nan dai: mai faɗin ana matse shi ne ta gefe, a sa wata alama da ke gaya wa na'urar kallo ta sake buɗe shi. Matsalar ita ce rakodoji da yawa, musamman in hoton ta kebul mai rawaya ya shigo, ba sa rubuta wannan alama. Sakamakon sananne ne ga duk wanda ya kalli faifan biki da yawa: ango da amarya sun zama dogaye sirara kamar an ja su. A talabijin na bango ana gyara wannan da rimot. A mai ƙeya ba gyara. Mafita ɗaya ita ce a saita kyamarar ta fitar da hoto na 4 da 3 da baƙin shafi sama da ƙasa, kowa ya fito da siffarsa, amma an sake sadaukar da kashi ɗaya cikin huɗu na layukan, 432 kawai suka rage wa hoton daga 576. Wanne za a zaɓa ya danganta ne da talabijin ɗin gidan da faifan zai je, tambayar da ya kamata a yi tun ranar karɓar aiki.

Kayan gwanjo suna da tasu rigimar. Rakoda ko kyamarar da aka yi wa kasuwar Amurka ko Japan tsarin NTSC take bi, ɗigo 720 da 480, hoto kusan 30 a daƙiƙa. In kyamara NTSC ce rakoda kuma PAL kaɗai ta sani, ko dai hoto ya fito baƙi da fari yana birgima, ko ta ƙi naɗa sam. Na'urorin kallo na China da suka cika kasuwa yawanci suna karanta duka biyun, shi ya sa in an ɗauki biki da kyamarar NTSC gara a buga faifan a NTSC da a tilasta masa komawa PAL, juyin da ke sa motsi ya riƙa tsalle. Irin wannan kyamara kuma tana iya nuna ƙyaftawar fitila a ɗakin taro, domin wutar Najeriya mai bugu 50 ce a daƙiƙa, ita kuwa an gina ta a kan 60. Ga batun ƙarfin wuta: rakodar Amurka 120 take so, ta Japan 100, soket ɗin nan kuwa 230 yake bayarwa, soka ta ba taransifoma ƙona ta ne nan take. Masu aika faifai Maraɗi ko Damagaram ba su da abin damuwa. Ko da yake gidan talabijin na Nijar tsarin SECAM ya gada daga Faransa, faifan DVD bai san SECAM ba, girmansa ɗaya da na PAL. Faifan da aka buga a gida kuma ba ya ɗauke da kullen yanki irin na finafinan kamfani.

Faifan da ba a buga ba iri-iri ne. DVD-R shi ne wanda tsofaffin na'urori suka fi yarda da shi, DVD+R ya zo daga baya, a 2002. Masu RW ana goge su a sake, DVD-RAM kuwa kusan sai na'urorin Panasonic. Wasu rakodoji suna tambaya ko a tsarin Video za a shirya faifan ko a VR. Na VR yana ba da damar yanke-yanke a cikin rakodar, amma na Video ne ke buɗewa a gidan kowa. Sai mataki na ƙarshe da ake yawan mantawa, rufe faifai, wanda rakodoji ke rubutawa Finalize. Kafin a rufe, faifan ba shi da jadawalin abin da ke cikinsa. Zai yi wasa a rakodar da ta buga shi, mai aiki ya gamsu ya sa a kwali, a kai Boko ko Kusada a sa a na'ura ta ce babu faifai. Mintuna kaɗan rufewar ke ci.

Waɗannan mintuna, da duk awannin naɗar, suna hannun wutar lantarki. Rakodar da ke rubutu kai tsaye a DVD-R in wuta ta ɗauke mata a tsakiya, sau da yawa faifan ya tafi, sai a ɗauko sabo a koma farko. A yankin da wutar layi ba ta da alƙawari, masu aikin kan jira dare, ko su tada janareta, shi ma in mai ya yi ƙasa ya fara shaƙewa ɓarnar ɗaya ce. Ƙaramar inbata da batir, ko sola, ta fi amfani a shagon tacewa fiye da sabuwar rakoda. Rakoda mai hadis ita ma tana rage asara, don ana fara naɗa a hadis, daga baya a buga faifai cikin 'yan mintuna, kofi nawa ake so. A kwamfuta kuwa ba a bin iyakar gudun da aka rubuta a jikin faifan. Mai lamba 16 in an buga shi a 8 ya fi samun karɓuwa a tsofaffin na'urori masu raunin ido.

Sauti ba ya shan wahala sosai a wannan tafiya, don DVD na ɗaukar sa da kyau. Muryar da ta fashe saboda an tsaya gaban lasifikar maroƙi a fashe za ta isa faifai, ko ta wace hanya aka bi.

Faifan da aka buga a gida ba irin na kamfani ba ne, wanda ake matsa rubutunsa a jikin roba. Na gida fale-falen roba biyu ne, kowanne kaurin milimita 0.6, an manne su, da wani siririn rini a tsakani, wanda hasken na'ura ke ƙonawa ya bar alama. Rini kuwa rana da zafi suna cin sa. Faifan da ya yi bazara a kan talabijin kusa da taga, ko a gaban mota, a zafin watan Afrilu na Katsina, yana iya fara tsayawa tun ba a ga ko ƙarzane ɗaya a jikinsa ba, kuma lalacewar takan fara ne daga gefen waje, wato ƙarshen biki. Ƙurar hunturu tana karce shi, tana kuma rufe idon na'ura, har a zargi faifai alhali ido ne ke son gogewa. Ana share faifai da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Takardar da ake mannawa a bayansa mai hoton ma'aurata tana iya karkata nauyinsa in ba ta zauna daidai ba, ko ta ɓanɓare a cikin na'ura.

Duk wannan yana nuna matsayin faifan: kofi ne na rabawa, ba uwar aiki ba. Uwar tana kan kaset ɗin HDV ko a memorin kyamara. A zamanin kaset tsadarsa kan sa a sake ɗaukar wani biki a kan na baya. A zamanin memori abin ya fi sauƙin faruwa, domin ana goge katin ne da zarar an miƙa faifai, a tafi aikin gobe. Ajiyar ba ta da nauyin da ake zato: awa ɗaya ta AVCHD a megabit 17 ba ta kai gigabait 8 ba, a megabit 24 kusan 11, awa ɗaya ta HDV kuma kimanin 12. Hadis ɗin waje mai terabait ɗaya zai riƙe sama da awa ɗari na irin ta farko. Wajen kwashewa ana ɗaukar babban fayil ɗin katin ne gaba ɗaya, wanda a yawancin kyamarori sunansa PRIVATE, ba a tsinci fayilolin bidiyon, masu ƙarshen suna MTS, ɗai-ɗai ba. Dalili shi ne kyamara tana yanka doguwar ɗauka gunduwa-gunduwa saboda tsarin katin ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, kuma bayanin yadda za a sake haɗa su ba tare da yankewar sauti ba yana cikin ƙananan fayilolin da ke gefe.

Yanzu akalar ta juya. Kasuwar faifan fim ta Kano ta durƙushe, finafinai sun koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da shagunan masu tura fim a waya da ake samu a kusan kowace tasha da kasuwa. Talabijin na bango yana karanta filashi da kansa, kuma ta nan hoton HD ke isa falo ba tare da ya bi ta ƙaramar ƙofar DVD ba. Masu hidima da yawa filashi ko memori suke nema, faifai sai don dattawan da na'urarsu ke nan. Aikin da ke ƙaruwa shi ne kishiyar na da: a kawo tsohon faifan biki a ce a mayar da shi waya. Ana buɗe VIDEO_TS a kwamfuta, a haɗa fayilolin VOB, waɗanda kowanne bai wuce gigabait 1 ba, a juya su MP4 da manhaja irin HandBrake. Faifan da ba a rufe ba tun farko sai an nemo rakoda irin wadda ta buga shi, ga su kuma sun yi wuya tunda yawancin kamfanoni sun daina ƙera su. Abin da ya fito daga faifai ba zai wuce layi 576 ba, ko a wace waya aka sa shi. Bikin da mai ɗaukarsa ya ajiye kaset ko fayilolin kyamara shi ne ake iya sake fitarwa da layinsa 1080 cif.